Kafin Ka Sayi Gida a Ƙasar Wani, Ka Biyo Ta Sabo

Ni haifaffen Mokola ne a birnin Ibadan, Bayarabe gaba da baya. Hausar da nake rubutu da ita a bakin titin Sabo na fara tsintarta, wajen masu tsire da 'yan canji, kafin in zo jami'a malamai su daidaita mini ita. Don haka in mai karatu ya ci karo da tuntuɓe, ya yi mini uzuri.

A hutun da ya wuce ina zaune a shagon wani dattijo ɗan canji da muke kira Baba Alhaji, sai ga wani Ba'amurke baƙar fata ya zo canjin dala. Turancinsa na hanci ya fi ƙarfin Baba, aka ce in yi tafinta. Da hira ta yi daɗi sai ya ce ya gaji da zaman Amurka, Afirka zai dawo gaba ɗaya. Ya nuna mana hotunan wani fulat na alfarma a saman dogon bene a Ikoyi ta Legas, ga lifta, ga wurin ninƙaya, ga wuta dare da rana. Bai taɓa taka wurin ba, amma har ya shirya biyan kuɗin kafin alƙalami. Baba ya daɗe yana kallon hotunan, sannan ya ce da ni, "Ɗana, tambaye shi, in ciwo ya kama shi da tsakar dare, ƙofar wa zai buga?" Baƙon ya yi dariya, ya ce ai akwai mai gadi.

A nawa ganin, tambayar Baba ita ce ta fari da ya kamata duk mai shirin sayen gida a ƙasar wani ya yi wa kansa, kuma tarihin Sabo ne hujjata.

A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano, fataucin goro da shanu ya bunƙasa. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 kuma ya fitar da littafi a kanta a 1969, ya nuna cewa gida shi ne ƙashin bayan kasuwancin unguwar. Bafatake in ya iso daga Arewa ba ya fara da neman fili. Wurin maigida yake sauka, shi zai ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba da kaya bashi. Sai baƙo ya shekara da shekaru, ya san gari gari ya san shi, ya ji Yarabanci, sannan ya yi tunanin mallakar nasa.

Ya ku 'yan'uwana ɗaliban harshe, ku dubi kalmar nan ta maigida. Wanda ya sayi bene ya kulle kansa a ciki, mai bene ne kawai. A Sabo ba a kiran mutum maigida sai in akwai masu kwana da tashi a inuwarsa. Haka kuma gida a bakin Bahaushe ya haɗa gini da mutanen da ke cikinsa, shi ya sa in aka ce "yaya gida?" ba wanda ke ba da labarin bango.

Abu na biyu shi ne doka, wadda hoton waya ba ya nunawa. A Nijeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, abin da mai saye ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sai da amincewar gwamna ake sauya hannu. A Ghana, inda Amurkawa baƙar fata da dama suka karkata tun bikin Shekarar Komawa ta 2019, tsarin mulkin 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba riƙe fili fiye da shekara 50 a lokaci guda. Turai ma ba tabbas. Fotugal ta fara ba masu sayen gidaje masu tsada takardar zama a 2012, ta rufe wannan ƙofa a 2023, Sifaniya ta bi sahu a 2025. Ga shi kuma Amurka tana bin 'yan ƙasarta da takardun haraji duk inda suka koma. Su ma kakanninmu sun ɗanɗana: a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Ghana, Yarabawa da Hausawa da yawa suka karyar da gidajensu ko suka bar su haka nan. Ba banza Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne ba.

Na san wani zai ce kuɗin haya asara ne, kuma mai dala a hannu gara ya saya yau tun farashi bai tashi ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma hayar shekara ɗaya kuɗin makaranta ce. A cikinta ne mutum zai ga yadda titi ke zama da damina, nawa ake karɓa na man janareto da masu gadi, wane dillali ne ke sayar da ɗaki ɗaya ga mutum biyu, kuma ko zuciyarsa ta kwanta da garin. Mai haya in abin bai yi masa ba sai ya ɗauki jakarsa. Wanda ya zuba tarin guminsa a bene kuwa sai ya jira mai saye.

Ban ce zaman Sabo ba shi da ƙaya ba. A watan Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarabawa a kasuwar Sasa, nan cikin Ibadan, aka rasa rayuka, shaguna da gidaje suka ƙone. A kwanakin nan na ga tsoro a fuskokin mutanen da aka haifi iyayensu a garin nan. Na kuma ga dattawan ɓangarorin biyu a unguwarmu suna zirga-zirga tsakaninsu, wannan na jin harshen wancan, har ƙura ta lafa. Ranar irin wannan ba a tambayar takardar gida, wanda ya san ka ake nema.

Da Ba'amurken zai tafi, Baba ya ƙirga masa kuɗinsa, ya ce in gaya masa ya kama haya tukuna, ya koyi gaisuwa da harshen mutanen wurin, ya halarci suna da jana'iza, in shekara ta zagayo yana nan a kan bakansa, to ya saya. Ko ya ji ko bai ji ba, shi ya sani. Ni dai na ƙaru, domin na gane cewa wannan harshe da muke wahalar koyo a aji, wasu har suna tambayarmu me za mu ci da shi, shi ne ya buɗe mini ƙofofin Sabo tun ban mallaki ko tabarma a cikinta ba.