Mai Fenti Ba Zai Ce Kada A Yi Fenti Ba

Duk shekara idan azumi ya matso, sai a yi sanarwa a masallatai da makarantun Islamiyya na Sabo: a kawo gudummawa, za a yi fenti. Mu bayar. A kira mai fenti ya dubi bango, ya ce bokiti kaza ake bukata. Kafin wata damina ta fita, baƙin nan ya sake fitowa daga gindin bango, fenti ya kumbura yana ɓarewa, darduma ta koma warin rima. Sai a ce ai Ibadan ce, haka ruwanta yake.

To, lallai Ibadan ba Kano ba ce. A gida hunturu na busar da bango har cikinsa. Nan kuwa ruwa na farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo har Oktoba, iska ma jiƙe take. Amma wannan dalili ne na ƙara kula, bai zama uzurin zuba kuɗin jama'a a bango jiƙaƙƙe ba.

Abin da muke kira datti a bangon nan fumfuna ce, irin wadda ke cin goro idan an yi sakaci da huhu. Wane ɗan goro ne zai ga fumfuna ya sauya ganyen sama kawai ya ce ya gama? Ai sai ya kwance huhun, ya tsince, ya nemo inda laima ta shiga. Abin mamaki, mutumin da ya san wannan a kasuwa, in ya zauna a kwamitin masallaci sai ya manta.

Fumfuna ba ta rayuwa sai da danshi, kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta fara kama abu jiƙaƙƙe. Danshin kuwa yana da hanya. Ko kwano na yoyo a saman silin, ko famfon alwala na tsiyaya cikin bango, ko kwata ta toshe ruwa na kwanciya a jikin gini, ko kuma tun wajen gini ba a shimfiɗa ledar da ke hana ruwan ƙasa hawa bango ba. Akwai kuma ɗakunan da muka toshe wa taga don mu fitar da shago ɗaya na haya, wannan ma laifinmu ne, ba na ruwan sama ba. Kowanne da maganinsa, kuma babu wanda fenti ke warkarwa.

Ga inda muke da ja da kwamitoci. Wanda zai ci kuɗin aiki shi ake sa wa ya faɗi abin da ke damun ginin. Mai fenti zai ce fenti, birkila zai ce a sake filasta, kafinta zai ce silin. Ba mu ce maƙaryata ne ba, Allah ya kiyaye, kowa abin hannunsa yake gani. Amma duk wanda ya karanta babin shaida a Risala ya san ba a karɓar shaidar mai jawo wa kansa amfani. A jihar New York ta Amurka, tun 2016 doka ta hana wanda ya binciki fumfuna a gini ya zama shi ne mai aikin gyaranta. Su sai da suka kafa doka, mu da muke da abin a littafi mun ajiye shi a kanta.

Wani Alhaji zai ce kuɗin mai duba asara ne. Haba Alhaji! Fentin shekara biyar a jere fa, riba ce? Kuma maganar ta wuce kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 da ke danganta danshi da fumfuna a ɗaki da tari, shessheƙa da tashin asma. A garin Rochdale na Ingila, yaro ɗan shekara biyu ya rasu a 2020, bincike ya tabbatar fumfunar gidansu ce sanadi. Yaranmu na zama awa uku, huɗu a azuzuwan nan, bayansu jingine da bangon, mu kuwa muna ta sayen maganin tari muna cewa sanyi ne.

Abin da muke nema a zaman unguwa mai zuwa kaɗan ne. Kafin a sake karɓar ko sisi, a kawo injiniyan gini wanda ba shi da kamfanin fenti, ba surukin kowa ba ne a kwamiti, a biya shi ladan dubawa kaɗai. Ya hau rufi, ya auna danshin bango, ya bi bututun alwala da kwata, ya rubuta abin da ya gani da abin da za a fara yi. A manna takardar a ƙofar masallaci kowa ya karanta. A tsayar da ruwa tukuna, a cire silin da dardumar da suka ruɓe, a kankare bango a bar shi ya bushe, yara su koma wani ɗaki har a gama. In an kammala, shi wannan mai duban ya dawo ya sa hannu kafin a biya ɗan kwangila sauran kuɗinsa.