Waƙoƙin Coci a Hannun Masu Tara Fayafayai: Ina Rabon Masu Waƙa?

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan karin magana ya dace da wata kasuwa da ta bunƙasa a Amurka da Turai tun daga shekarun 2000, wato kasuwar sake buga tsofaffin waƙoƙin coci na Baƙaƙen fatar Amurka, musamman waɗanda aka haɗa da kiɗan rawar nan da ake kira fank. A nawa ra'ayin aikin yana da kyau ƙwarai, amma ba ya cika sai an mayar wa masu waƙoƙin sunansu da kuɗinsu, an kuma kiyaye ma'anar abin da suka rera.

Da farko ya kamata mai karatu ya san inda waƙoƙin suka fito. A ƙarshen shekarun 1960 da cikin shekarun 1970, kiɗan su James Brown ya mamaye unguwannin Baƙaƙe a Amurka. Shi kansa James Brown da waƙar coci ya fara kafin ya koma ta duniya. Sai matasan majami'u suka ɗauki irin wannan salo na ganga da jita suka ɗora masa kalmomin yabon Ubangiji. Yawancinsu ba su da babban kamfani a bayansu. Sukan tara kuɗi su buga ƙaramin faifan garmaho, kwafi kaɗan, su sayar wa 'yan'uwa bayan an tashi daga sujada. Wasu dattawan coci na ganin kiɗan ya cika kama da na gidan rawa, gidajen rawa kuma na ganin wa'azi ya yi masa yawa. Wannan ne ya sa fayafayan suka yi wuyar samu, har suka zama abin nema ga masu tara tsofaffin fayafayai.

A shekarar 2006 kamfanin Numero Group na birnin Shikago ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya fitar da kundi mai suna Good God! A Gospel Funk Hymnal, sannan ya biyo da Born Again Funk a 2010. Kamfanin Luaka Bop, wanda mawaƙi David Byrne ya kafa, shi ma ya fitar da The Time for Peace Is Now a 2019. Babu shakka waɗannan kamfanoni sun cancanci yabo. Dubi Fasto T. L. Barrett na Shikago, wanda ya yi faifan Like a Ship tare da matasan cocinsa a 1971. Shekara da shekaru faifan yana kwance, sai da aka sake buga shi a 2010 duniya ta farga da shi. A 2016 Kanye West ya yanki wani ɓangare na wata waƙar Barrett ya sa a cikin tasa, miliyoyin mutane suka ji muryar faston.

To amma wani hanzari ba gudu ba. Abu na farko da ke damuna shi ne ma'ana. Wanda ya rera waƙar addu'a yake yi, yana kai kukan talauci da wariyar launin fata gaban Mahaliccinsa. Mai tara fayafayai kuwa sau da yawa kiɗan yake bi, yana neman inda ganga ta yi daɗi domin a taka rawa a gidan shaƙatawa a Landan ko Balin. Ban ce haramun ne wanda ba ya zuwa coci ya ji daɗin waƙar coci ba, domin kunne ba ya tambayar addini. Sai dai idan aka sayar da addu'ar mutum a matsayin abin ban mamaki kawai, ba tare da bayanin wane ne shi da halin da yake ciki ba, an rage masa daraja.

Abu na biyu shi ne kuɗi. Idan tsohon faifai ya yi tsada a hannun dillalai, wanda ya rera shi ba ya samun ko sisin kwabo daga cinikin, domin ya riga ya sayar da kwafinsa tun shekara hamsin da suka wuce. Ga kuma masu satar fasaha da ke buga waƙa ba tare da izinin kowa ba. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce, ai da ba don masu tara fayafayai ba da waƙoƙin sun tafi bola, saboda haka godiya ta kamace su. Gaskiya ne. Amma wanda ya tsinci akuyar da ta ɓata bai zama mai ita ba, tukwici kawai ya cancanta. Kuma akwai misalin da ya nuna ana iya yin abin yadda ya dace. Staples Jr. Singers 'yan gida ɗaya ne daga garin Aberdeen a jihar Misisipi. Suna matasa suka buga faifansu a 1975, suka sa masa suna When Do We Get Paid, wato yaushe za a biya mu. Luaka Bop ya nemo su, ya sake buga faifan a 2022, suka fita yawon waƙa har Turai, suka kuma yi sabon kundi mai suna Searching a 2024. Tambayar da ke jikin faifansu sai da ta shekara 47 kafin ta fara samun amsa, amma ta same su da ransu.

Bayan haka, bai kamata a bar wa 'yan kasuwa kaɗai aikin adana tarihi ba, domin ɗan kasuwa abin da zai sayu yake zaɓa. A 2005 Robert Darden, malami a Jami'ar Baylor da ke jihar Tekzas, ya rubuta a jaridar New York Times cewa tsofaffin waƙoƙin cocin Baƙaƙe suna salwanta. Rubutun ya jawo wani attajiri mai suna Charles Royce ya ba da kuɗi, jami'ar ta kafa shirin kwafe fayafayan a kwamfuta, masu daɗin rawa da marasa shi baki ɗaya.

Kada mu ɗauka wannan labarin Amurka ne kawai, domin masu neman tsofaffin fayafayai sun daɗe da isowa Nijeriya. Luaka Bop ɗin nan ne ya tattara waƙoƙin William Onyeabor na Inugu ya fitar a 2013. Nasa ba waƙoƙin coci ba ne, kuma lokacin da aka zo nemansa ya riga ya duƙufa ga addinin Kirista, ba ya son yawan magana a kan kiɗan da ya yi a da. Sai da aka daɗe ana bin sa kafin ya yarda, kuma ya rasu a 2017 bayan duniya ta san sunansa.

Daga ƙarshe, shawarata ga duk mai sayen irin wannan kundi ita ce ya duba abu uku: an rubuta sunayen mawaƙan da tarihinsu, an nemi izininsu ko na magadansu, an kuma biya su? Mu kuma ɗalibai, akwai tsofaffin fayafayai da kaset-kaset na iyayenmu da ƙura ke ci a gida. Mu tambayi dattawa su wane ne suka rera su tun suna raye, mu rubuta, mu kai wa ɗakin karatun jami'a. Allah Ya sa mu dace.