Kallon Ganyen Kaka a Kebek: Itace Ba Ya Jiran Biza

Kowace shekara, idan damina ta ja da baya, gero ya fara shiga rumbu a ƙasar Maraɗi da Damagaram, sai hotuna su dinga shigowa cikin salula daga ƴaƴa da ƙanne da ke karatu a Kanada. Duwatsu sun rine ja wur, hanyoyi sun lulluɓe da ganye ruwan ɗorawa, tafki ya ɗauki launin dajin da ke bakinsa. Wanda bai sani ba sai ya ce gobara ce ta kama daji, ko kuwa mai hoton ne ya ƙara gishiri. Ko ɗaya babu: haka kaka take zuwa a lardin Kebek. Daga nan ne wani babban ma'aikaci, ko alhajin da ke da yaro a jami'ar Laval ko ta Monreyal, zai ce tun da ya daɗe yana son ya je ya ga yaron, bari ya haɗa ziyara da kallo. Niyya ce mai kyau. Sai dai tafiyar tana cin kuɗin da ya isa jarin ƙaramin shago, kuma mai sakaci yana iya sauka ya tarar da rassa tsirara, ganyen da ya zo gani yana ƙasa ana share shi.

Sanin dalilin rinewar ganyen shi ne rabin shiri. Tsanwar ganye daga wani sinadari take, wanda masana ke kira kulorofil, da shi itace ke sarrafa hasken rana ya mai da shi abinci. A Yamai, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bambancin bai kai awa 2 ba. A Monreyal kuwa, yinin da ya haura awa 15 a watan Yuni yakan dawo awa 12 a ƙarshen Satumba, ya ci gaba da raguwa har ya kasa awa 9 a Disamba. Da itace ya ji dare yana tsawo, sai ya daina ƙera kulorofil, ya janye abin amfanin da ke cikin ganye ya adana a jikinsa, kamar yadda manomi ke kwashe damman gero kafin a sako dabbobi. Idan tsanwa ta gushe, sai ruwan ɗorawa da ruwan goro su bayyana, waɗanda dama suna nan a ɓoye tun farkon shekara. Ja kuwa sabo ne, a lokacin ake yin sa daga sukarin da ya maƙale cikin ganye. Itacen da ya fi kowane iya wannan rini shi ne erabul, wanda ganyensa ke kan tutar Kanada tun 15 ga Fabrairu 1965.

A nan gizo ke saƙa. Jan ba ya fitowa sosai sai an sami rana mai haske da dare mai sanyi wanda bai kai ƙanƙara ba. Idan fari ya yi yawa, ganye ya bushe ya zube da wuri. Idan zafi ya daɗe, rinewar ta makara. Idan kuma ganye ya nuna sarai, iska da ruwan dare ɗaya sun isa su kakkaɓe dutse guda. A wuri ɗaya, cikar launin ba ta cika wuce mako ɗaya zuwa biyu ba. Ma'aikacin da ya saba da kalandar biro, inda ake sa ranar taro wata uku kafin ta zo, shi ne ya fi shan wahalar gane wannan. Manomi kuwa ba ya bukatar bayani, domin ya san watan da ruwan shuka ke zuwa, amma bai taɓa sanin ranar ba. Kuma mutumin da ya girma a gindin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi tsanwa da rani, ya san itace ba ya bin son ran kowa.

Abin da ya sawwaƙa lamarin shi ne rinewar ba ta faruwa ko'ina a lokaci guda. Daga arewa take farowa ta gangaro kudu, daga kan duwatsu ta sauko kwari. A duwatsun Laurentides, wajen Mont-Tremblant, kimanin kilomita 130 arewa da Monreyal, launi yakan cika daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Yankin Charlevoix, gabas da birnin Kebek, shi ma yana cikin na farko. Cikin Monreyal kuwa, da filayen da ke bakin kogin Saint-Laurent, sai wajen tsakiyar Oktoba. Saboda haka mai hankali ba ya ɗaura tafiyarsa a kan rana ɗaya ko gari ɗaya. Ya ware kwana 10 a farkon Oktoba, ya mai da Monreyal masaukinsa: idan ya tarar birni bai rine ba, ya hau arewa; idan ya tarar arewa ta zube, ya tsaya a birni ko ya yi kudu. Hukumar yawon buɗe ido ta lardin, Bonjour Québec, tana fitar da taswirar launuka a intanet, ana sabunta ta kowane mako a wannan lokaci. Ita ya kamata a duba, ba hoton bara ba.

Amma kafin taswira akwai biza, kuma nan ne shiri ya fi rushewa. Tun 2018 Kanada ta wajabta wa masu nema daga ƙasashen Afirka ba da hoton yatsu da na fuska. A 2024 kuɗin bizar baƙo dalar Kanada 100 ne, na yatsu 85, wato sama da jika 70 na sefa, kuma ba a mayar da su ko an hana. Amsa tana iya ɗaukar makonni ko watanni. Abin da ma'aikacin biza ke son ya tabbatar guda ne: mai nema zai koma gida. Don haka takardar shaidar aiki da ta hutu, ko rajistar kasuwanci, da bayanin asusun banki na watanni, da takardar gayyata daga yaron, sun fi dogon jawabi amfani. Ɗan kasuwar da dukiyarsa ke cikin buhuna da amana, ba cikin banki ba, ya fara gyara takardunsa tun da rani. Wanda ya jira sai ya ga hotunan Satumba kafin ya nema, to, na baɗi yake nema. Kuma kada a sayi tikitin da ba a canja masa rana kafin biza ta fito. Mai sha'awar tsallakawa jihar Vermont ta Amurka, wadda ita ma ta yi suna a kan ganyen kaka, ya sani bizar Kanada ba ta kai shi can.

Akwai kuma lissafin gida. Farkon Oktoba shi ne lokacin komawar yara lakwal, da kuɗin littattafai da tufafi. Shi ne kuma lokacin da sabon wake da aya da riɗi ke fara fitowa kasuwannin ƙauye da arha, lokacin da mai sayen ajiya ba ya son ya yi nisa da ma'auni. Kwana 10 a Kebek suna iya zama kasuwa biyu da aka rasa. Wanda ba shi da amintaccen da zai bar wa awo da mabuɗin sito, ya sa wannan ma cikin kuɗin tafiya.

Babu jirgin da ke tashi daga filin Diori Hamani ya sauka Monreyal kai tsaye. Sai an yada zango, alal misali a Kasablanka. Agogon can yana bayan na Nijar da awa 5 a wannan lokaci. Ranar da ta cancanci a yi mata alama ita ce Litinin ta biyu a watan Oktoba, ranar hutun da ake kira Action de grâce. Hutun kwana uku ne, yakan faɗo a tsakiyar kallon, otel-otel na Laurentides su cika, farashi ya tashi, hanyar arewa ta cushe da motoci. Baƙo ya bar wa ƴan gari waɗannan kwanaki, ya fita Talata ko Laraba.

Ba sai da hayar mota ba. Dutsen Mont-Royal yana tsakiyar birnin Monreyal, lambunsa a buɗe yake tun 1876, shiga kyauta, da ƙafa ake hawa. Jirgin ƙasa na VIA Rail yana kai mutum birnin Kebek cikin awa 3 da ƴan mintoci, tafiyar kilomita 250, kuma tagar kanta wurin kallo ce. Mai son tuƙi yana iya bin tsohuwar hanyar Chemin du Roy, wadda aka kammala a 1737, tana bin bakin kogi ƙauye bayan ƙauye. Kamfanonin haya dai suna neman katin banki na bashi, ba tsabar kuɗi ba. Kuma a guji tuƙin daji da magariba, sabili da wata dabba da ake kira orignal, wadda nauyinta kan kai kilo 500, tana fitowa kan kwalta ba sallama.

Ɗan kasuwa zai yi mamakin abu biyu: ba a ciniki, kuma kuɗin da aka rubuta ba shi ake biya ba. A wurin biya ake ƙara haraji kusan kashi 15 cikin 100, a gidan abinci kuma ana sa ran tukuicin wani kashi 15. Sanyin Oktoba, wanda ƴan gari ke ɗauka somin taɓi, ya fi hunturun Tawa: da rana awo 12 ko 13, da asuba ya sauko kusa da 4, a kan duwatsu har ƙanƙara. Babbar riga ba ta tare shi, sai da rigar sanyi mai kauri a ciki da takalmi rufaffe. Masallatai da naman halal ba su da wuyar samu a Monreyal, musamman a titin Jean-Talon, unguwar mutanen Magrib.

Saura tsaraba. Uwar yaro ba za ta yarda a tafi hannu rabbana ba, kuma abin da za ta fara ƙullawa shi ne kilishi. Duwan ɗin Kanada ba ya barin irin wannan nama ya shiga. Duk abincin da ke cikin jaka wajibi ne a bayyana shi, haka ma kuɗin da ya kai dalar Kanada 10.000. Wanda ya bayyana, iyakarta a karɓe kilishin. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce mai nauyi tun bai fita filin jirgi ba. Gara a cinye shi a Yamai, a kai wa yaro hula da turare.