Motocin Sulke Masu Iyo: Fa'idodi da Illoli

Duk wanda zai tashi daga Demsawo ya nufi Girei, Song, Gombi ko Mubi, ƙofa ɗaya gare shi, ita ce gadar Jimeta a kan Binuwai. Ta nan tirelolin shanu da hatsi ke shigowa, ta nan ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama ke ƙetarewa, ta nan kuma motocin Birget ta 23 ke bi daga barikin Gibson Jalo idan aiki ya taso a arewacin jihar. A ƙarshen Oktoban 2014, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, ta kanta dubban mutane suka kwararo Jimeta da Yola. A wajajen Michika kuwa an fasa gadoji, har da ta Kudzum, mota ta koma bin ƙasan rafi da rani, da damina kuma sai yadda hali ya yi.

Soja ba ya amince wa gada, domin ita abokin gaba ke fara nema. Shi ya sa tun shekarun 1930 injiniyoyi ke fama da tambaya guda: in babu gada, ta yaya za a kai igwa da sulke tsallake? Ɗaya daga cikin amsoshin da suka samo ita ce motar da za ta gangara cikin ruwa da ƙafafunta, ta yi iyo, ta fito a wancan gefen ta ci gaba da faɗa. Tarayyar Sobiyet ta fara ƙera irinta da yawa a 1933, wata 'yar ƙaramar tanka mai suna T-37A.

Lissafin abin ba wuya. Kafin abu ya yi yawo a kan ruwa, sai ya ture ruwan da ya kai nauyinsa. Tankar PT-76, wadda Sobiyet ta fitar a 1951, nauyinta kusan tan 14 ne, wato dole cikinta ya ture ruwa lita dubu 14, kwatankwacin duro 70, kuma a samu ragowar jiki a sama da ruwa. Don haka aka yi ta da faɗi, da ƙaton ciki, da hanci mai lanƙwasa sama irin na jirgi, aka kuma rage kaurin ƙarfenta har inda ya fi kauri bai wuce santimita biyu ba. A baya aka sa mata bututu biyu da ke zuƙar ruwa ta ƙasa su feso shi da ƙarfi, su tura ta kilomita 10 a awa. In direba yana son juyawa, sai ya rufe bakin bututu ɗaya. Tankar T-72 da ta haura tan 40 ba ta da wannan gata. Ita sai dai a kafa mata dogon bututun shaƙar iska, ta taka ƙasan kogi. Duk wata fa'ida da illa ta motar sulke mai iyo daga wannan lissafi take fitowa.

Abin mamaki, wadda ta fi suna a cikinsu ba don yaƙi aka fara ƙera ta ba. Wani Ba'amurke, Donald Roebling, ya yi ta ne a tsakiyar shekarun 1930 don ceto mutanen da guguwa da ambaliya ke rutsawa da su a fadamun Florida, inda mota ba ta shiga, jirgi kuma ba ya wucewa. Ya yi mata ƙafar sarƙa irin ta katafila, mai haƙora da ke kwasar ruwa, ta yadda ƙafar da ke tafiya a tudu ita ce matuƙi a ruwa. Sojojin kundumbalar ruwan Amurka suka gan ta a mujalla a 1937, suka neme shi. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da 18,000, da sunan LVT.

A tsibirin Tarawa, ranar 20 ga Nuwamban 1943, aka ga amfaninta ƙiri-ƙiri. Ruwa bai cika yadda aka yi tsammani ba, ƙananan jiragen da ke ɗauke da sojoji suka maƙale a kan duwatsun murjani nesa da gaɓa, mutane suka sauko suna kutsawa cikin ruwa iya ƙirji, Japanawa na harbinsu. Motocin LVT 125 da aka kawo su kaɗai suka hau kan duwatsun suka wuce. Amma mafi yawansu ba su kai ƙarshen faɗan ba, don jikinsu ba ya tare harsashin babbar bindiga. Bayan nan aka ƙara musu sulke, aka ɗora wa wasu igwa, aka kuma mayar da inji gaba don a samu ƙofa a baya, soja ya daina tsallakowa ta saman gefe a idon maharbi. Sojojin Ingila sun yi amfani da su wajen ƙetare kogin Rhine a Maris na 1945.

Babbar fa'idarta ke nan: tana kwance wa abokin gaba lissafi. Mai tsaron kogi yana tara ƙarfinsa a bakin gada da mafitai. In maharin zai iya ɓullowa ta inda babu ko ɗaya, dole mai tsaro ya barbaza mutanensa. A Disamban 1971, a ƙasar da ta zama Bangladesh, wurin da kogi ya fi hanya yawa, sojojin Pakistan sun fasa gadoji suna ganin sun sayi lokaci. Tankokin PT-76 na Indiya suka ƙetare koguna, har da Meghna mai faɗi, suka kewaye garuruwan da aka yi wa ganuwa. Yaƙin bai cika mako biyu ba.

Mu ma muna da namu labarin na ƙetare kogi, kuma mai ɗaci ne. A 1967 sojojin Biyafara suka karya gadar Neja da ke tsakanin Asaba da Onitsha. Runduna ta 2 ta sojojin Najeriya, a ƙarƙashin Murtala Muhammad, ta yi yunƙurin ƙetarewa da jiragen fito a watan Oktoba, sau uku ana komowa da asarar rayuka mai yawa. Sai da aka zagaya ta Idah, sannan Onitsha ta faɗi a Maris na 1968. Akan ce da akwai motocin sulke masu iyo da labarin ya sauya. Ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Gadar ta kai kusan kilomita ɗaya da rabi. Motar da ke yin kilomita 10 a awa za ta yi minti tara ko fiye a tsakiyar ruwa, ba bishiya ba tudu, ba ta iya kauce wa komai, kuma waɗanda ke jira a Onitsha sun san inda za a fito.

A nan illolin ke farawa, kuma a ganina sun fi nauyi fiye da yadda masu sayar da makamai ke nunawa. Ranar 6 ga Yunin 1944, a gaɓar Normandy ta Faransa, an yi amfani da wata dabara ta injiniya Nicholas Straussler: a ɗauki tankar Sherman mai tan 30 da ɗoriya, a kewaye ta da katangar tamfol da ake miƙar da ita da iska, a sa mata farfela biyu a baya. Tankar kanta tana rataye ne a ƙasa da fuskar ruwa, tamfol ɗin kaɗai ke leƙowa, mutane biyar kuma suna ciki ko a kanta. An tsara ta don ruwa mai ɗan motsi. A gaɓar da aka sa wa suna Omaha, bataliya ta 741 ta sojojin Amurka ta saki guda 29 tun daga nisan kusan kilomita biyar, teku na tashi. Igiyar ruwa ta karya sandunan da ke riƙe da tamfol, 27 suka nutse, biyu kacal suka iso. Sojojin ƙasa da aka yi wa alkawarin tankoki suka sauka kusan babu kariya.

Ko an ƙetare lafiya, bashin ƙarfen da aka rage yana nan yana jira. Ranar 6 ga Oktoban 1973, birget ta 130 ta sojojin Masar ta yi iyo ta ƙetare babban tafkin da ke tsakiyar mashigin Suwez da PT-76 da motocin ɗaukar soja, ba tare da jiran gada ba. Aiki ya yi kyau. Da suka nausa cikin Sina'i suka nufi mashigun Gidi da Mitla, sai suka yi kiciɓis da manyan tankokin Isra'ila, aka ragargaza da yawa, sauran suka ja da baya. Taura biyu ba ta taunuwa. Motar takan yi iyo na 'yan mintuna, wani lokaci sau ɗaya a duk rayuwarta, amma siririn sulken da ya ba ta damar iyon yana tare da ita kowace rana a tudu.

Akwai kuma abin da duk mai fito a Binuwai ya sani, wanda takardar kamfani ba ta faɗa: shiga ruwa ba shi ne wahala ba, fita ce. Daga Agusta zuwa Oktoba kogin kan cika ya yi gudu, yana cin gaɓa ta ƙasa har ta tsaya a tsaye. Motar da ta shiga saitin wata mafita sai ruwa ya ja ta ƙasa, ta iso inda bango ne na laka. Hancinta ya taɓa gaɓa, bayanta na yawo, ƙafafunta ba su sami abin kamawa ba, suna ta haƙa. Da rani kuwa kogin kan janye ya bar tsibiran yashi, wani wuri bai kai zurfin da mota za ta yi yawo ba, kuma bai yi taurin da za ta taka ba. Shi ya sa kafin a tura su sai injiniyoyi sun riga sun auna gudun ruwa, sun duba gangaren gaɓa, wani lokaci sun sare ta da katafila. In an yi duk wannan, rabin mamakin da ake son ba abokin gaba ya tafi. A Tafkin Chadi matsalar ciyawa ce da kachalla, masu toshe bututun zuƙar ruwa, abin da ya sa faɗan tsibirai ya fi dogara da ƙananan jirage masu inji.

Sai kulawa. Kafin mota irin PT-76 ta shiga ruwa, ana ɗaga allon ƙarfen da ke hancinta don kada ta yi nutso da ka, a duba kowane murfin magudana da ke ƙasan ciki, a shafa giris, a gwada famfunan fitar da ruwa, a tabbatar robar kowace ƙofa ba ta tsage ba. Murfi ɗaya da bakanike ya manta ya ishe ta. Rundunar da ta fi kowa kuɗi ma ba ta tsira ba: ranar 30 ga Yulin 2020 wata motar sulke mai iyo ta sojojin Amurka, mai suna AAV, ta cika da ruwa ta nutse kusa da tsibirin San Clemente a Kalifoniya, mutum tara suka mutu, binciken kuma ya ɗora laifin a kan rashin gyara da ƙarancin horo. To, a auna da roba da ta sha zafin Maris da Afrilu na Yola, ta sha ƙurar hunturu shekara da shekaru.

Najeriya ta mallaki irin waɗannan motoci: Scorpion ta Ingila mai jikin alminiyam, VBL ta Faransa, da BTR iri-iri na gabashin Turai. Ribar da na fi gani a cikinsu ba iyon ba ne, rashin nauyin ne. Scorpion tan takwas ce, ƙafarta na raba nauyin har takan bi taɓon da mutum zai nutse iya gwiwa, kamar yadda aka gani a tsibiran Falkland a 1982. Irinta za ta hau kwalbatin ƙauye ba ta rusa shi ba, ta ratsa baƙar ƙasar da ke kama tayar babbar mota da zarar an yi ruwa biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da damina ke rufe hanyoyi wata uku. Sai dai yaƙin da aka sha a arewa maso gabas na nakiyar da aka binne ne da roka, kuma shimfiɗaɗɗen cikin da ke taimakon iyo shi ne mafi muni idan nakiya ta tashi a ƙasansa. Motocin da ke tsirar da mutane daga nakiya masu tsinin ciki ne, dogaye, masu nauyi, waɗanda ba a ma kusantar da su bakin ruwa mai zurfi.

Saura batun ceto, wanda a kansa Roebling ya fara. A 2012 da 2022, da ruwan sama ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru, garuruwan bakin Binuwai daga Fufore zuwa Numan sun ga abin da ke faruwa in hanya ta zama kogi: kwale-kwale na yin iya nasa, amma ba ya hawa tudun da ke tsakani, mota kuma ba ta shiga. Nan ne gurbin abin hawa mai tudu da ruwa. Amma ba mai sulke ba. BTR takan ɗauki mutum goma a matse, ta ƙananan ƙofofin da tsohuwa ko mai ciki ba za ta iya bi ba. PTS ta Sobiyet, wadda ba ta da sulke, buɗaɗɗen baya gare ta, tana ɗaukar mutum 70 ko kaya tan 10 a kan ruwa. Da za a saya wa hukumar agajin gaggawa ta jiha wani abu daga wannan dangi, ita zan nuna, a haɗa da kayan gyaranta da bakaniken da aka horar.