Lambar Wayar Kanti: Ta Maigida Ce ko Ta Yaronsa?

 Magana ta yawaita bisa wani irin tarho wanda ba ya bukatar layin nan da ake sakawa cikin waya, sai intanet kaɗai. Waɗansu suna yabonsa, waɗansu suna kushewa. Ya kamata mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi mu auna shi da tiya cikakkiya, gama mun ga abin da mutanen waɗansu garuruwa ba su gani ba game da waya.

Ku tuna, kafin shekarar 2001 tarho na NITEL ne, ba a ganinsa sai a ofisoshi da gidajen manyan attajirai. A shekarar nan MTN da Econet suka kawo wayar hannu. A 2003 Glo ta soma lissafin kira da daƙiƙa. A 2015 WhatsApp ya buɗe kiran murya, har ya zama dillalin shanu yana nuna wa mai saye sa daga kara, shi kuwa yana zaune a Legas.

To, wannan sabon tsari ya ƙara taki ɗaya. Ga yadda yake. Ɗan kasuwa yana karɓar lamba daga wani kamfani, yana biyan haya wata wata. Lambar ba ta cikin wayar kowa, tana ajiye cikin manyan kwamfutocin kamfanin a wani gari mai nisa. Wannan ajiya ta nesa ita Turawa ke kira girgije. In an buga lambar, sai kwamfuta ta yanyanka muryar, ta aiko ta bisa intanet zuwa ga duk wayar da maigida ya zaɓa, ko ɗaya ko biyar.

Babban amfaninsa shi ne lambar ta zama ta kanti. Kowane ɗan tireda ya san wannan ciwo: yaro ya shekara yana amsa kiran masu saye da layinsa, ran da suka ɓata da maigida sai ya tafi da layin, masu ciniki kuma su bi shi. Haka nan in an sace waya ranar kasuwa. Amma in lambar tana hannun maigida, sai ya cire sunan yaron, ya sa na wani, ciniki ya ci gaba.

Na biyu, kira ɗaya yana iya kaɗa wayar maigida da ta ƙanensa da ta yaron kanti gaba ɗaya, wanda ya riga ɗauka shi ya amsa. Mai sayar da kayan masarufi ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko mai kai tumatir da kifin madatsar Zobe birnin Katsina, ba zai yi hasarar mai saye don ya shiga masallaci ko yana bisa babur ba.

Na uku, nisa. Maraɗi ta fi Kaduna kusa da mu, amma kiranta ta layi kiran ƙasar waje ne. In ɓangarorin biyu suna bisa intanet, da Maraɗi da Kumasi da Makka duk kuɗin data ne kurum. Amma fa a lura, in lambar layi ta ƙasar waje aka buga, kamfani zai caji kuɗinsa. Kuma sa'ad da hukumar sadarwa ta NCC ta yarda da ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, ƙarin ya shafi kira da data duka.

Na huɗu, yana riƙe lissafin wanda ya kira da sa'ar da ya kira, har yana iya naɗar maganar. Wannan yana rage musu tsakanin abokan ciniki. Sai dai malamai sun sani, aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ta yi da rubuta bashi da kafa shaidu. Naɗar murya ba ta ɗauke wannan ba. Kuma naɗar maganar mutum ba da saninsa ba cin amana ne. Ita ma ƙasa ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023. Wanda zai naɗa, lalle ya faɗa tun farkon magana.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Intanet ɗin wayarmu bisa dogayen ƙarafan nan na kamfanonin waya yake hawa. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Aka yi watanni babu kira, babu saƙo, babu tura kuɗi ta waya, sai mutum ya yi tafiya ya nemi inda ake samun sabis. Da a ce muna da tarhon intanet a lokacin, da shi ma ya yi shiru cikin garuruwanmu, gama in rijiya ta ƙafe, kyan guga ba ya kawo ruwa. Haka a watan Maris na 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da 'yan kasuwa suka sha wuya.

Duk da haka akwai wani abu da ya kamata a fahimta. Da yake lambar ba a garin take zaune ba, rufe gari ba ya kashe ta. Mai kanti a Kurfi wanda ke da ɗan'uwa ko wakili a birnin Katsina ko Kano yana iya sa wayar wannan cikin masu amsawa, masu saye su same shi, shi kuma ya aiko da saƙo ta direba. Amma sai an shirya haka tun da sauran zaman lafiya, don da safe ake kama fara.

Akwai kuma sha'anin kamfani. Na ƙasar waje da dala yake lissafi, Naira kuwa ta faɗi ƙwarai tun 2023. Kuma kamfani yana iya daina aiki: Skype, wanda ya yi suna a wannan fanni, an rufe shi a watan Mayu na 2025. Saboda haka a tambaya, shin lambar ta Nijeriya ce? Kamfanin yana da izinin NCC? Da Naira ake biya?

Shawararmu ita ce, mai tebur shi kaɗai, layinsa da WhatsApp sun ishe shi, kada ya ɗora wa kansa haya. Mai yara uku ko huɗu, ko mai shago fiye da ɗaya, wannan tsari zai amfane shi. Amma kada ya yar da tsohon layinsa, kuma ya rubuta lambobin masu cinikinsa da basussuka cikin littafi da tawada, gama littafi ba ya jiran sabis ko caji. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka cikin kasuwanninmu.