Tsadar mai da faɗuwar naira: Yadda cinikin motar ƙawa mai buɗaɗɗen rufi ya sauya

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kasuwar motocin hannu a Najeriya ta sauya salo. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a Abuja cikin Oktoban 2024, dala kuma ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500. Shigo da mota daga waje ya yi tsada, lamarin da ya ɗaga darajar waɗanda ke cikin gida.

Sai dai wannan tagomashi ya fi faɗawa kan motoci marasa shan mai irin su Toyota Corolla. Mai Ford Mustang ko Mercedes-Benz SLK, wadda ake naɗe rufinta, masu sayen hajarsa 'yan ƙalilan ne, kuma sun san abin da suke nema. Idan ya zaɓi ya sayar da kansa don kauce wa la'adar dillali, aikin gamsar da mai saye ya koma wuyansa.

Abin da ake fara dubawa shi ne rufin. Zafin rana da ƙurar hunturu suna busar da robobin da ke tare ruwa, suna kuma kodar da rufin tamfol. A SLK, ƙarfin mai ne ke ɗaga rufin ƙarfen, kuma idan motar ta tsufa man yakan riƙa yoyo. Da damina ruwan da ya shiga yana kwanciya ƙarƙashin kafet, ya taɓa wayoyin lantarki. Kayan gyaran ba kasafai ake samunsu a kasuwa ba, sai an yi oda da dala. Don haka gyara rufin, da buɗe shi da rufe shi a gaban mai saye, ya fi sabon fenti tasiri a kan farashi.

Na biyu shi ne takardu. Tun Janairun 2017 gwamnati ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ba a biya wa harajin kwastam ba ana iya kama ta ko da ta sauya hannu. Inshorar dole ma ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a 2023.

Akwai kuma tarihin motar. Da yawan irin waɗannan motoci daga gwanjon Copart da IAA na Amurka suke fitowa, inda ake sayar da waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye. Da lambar shaidar mota mai haruffa da alƙaluma 17, mai saye zai iya ganin hotunan gwanjon a intanet.

Mai motar da ya faɗi aibunta da bakinsa, ya ajiye rasiɗan gyara, ya kuma yarda a kawo makanike, zai iya tsayawa kan farashinsa. Wanda ya ɓoye kuwa, da zarar an gano, tayin wulaƙanci zai biyo baya, motar kuma ta ci gaba da zama a rana robobinta na ƙara bushewa.