Lakar da ke cin mukayyif ta ƙasa

Duk wanda ya zauna a Umbadda ya san daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mukayyif ɗin ruwa ne ke riƙe da gida. Amma da wuya ka ga mai buɗe cikinsa sai ranar da ya tsaya, ko jan ruwa ya fara bin bango.

Ga yadda abin yake. Turumba tana ɗaga ruwa daga farantin ƙasa ta jiƙa gash, fanka kuma ta jawo iska ta cikin gash ɗin. Ruwan yana ƙafewa, shi ya sa iskar ke sanyi. To amma gishirin da ke cikin ruwan ba ya ƙafewa, nan yake zama. Awwama ta ƙaro sabon ruwa da nasa gishirin, gobe ma haka, jibi ma haka. Masu ruwan rijiya da masu saye a karo sun fi kowa ganin wannan farin ɓawon. Sai habub ya taso, gash ya tare ƙura, ruwa ya wanko ta zuwa faranti ta zama laka. Lakar nan ita ce muguwar, domin tana kwanciya kan ƙarfe ta riƙe danshi da gishiri dare da rana, tsatsa na ci ta ƙarƙashi ba ka gani. Ita ce kuma turumba ke zuƙa har ta toshe ta ƙone.

Wani ɗan'uwa da ke Ingila ya ce su ma suna fama da baƙar laka a bututun ɗumama ɗaki, amma nasu ruwan a rufe yake zagayawa, sai a zuba masa maganin hana tsatsa. Namu a buɗe yake, kuma iskarsa yara ke shaƙa, don haka ban yarda da zuba masa wani sinadari yana aiki ba. Maganinmu shi ne zubar da ruwan.

Ni duk mako nake yi. Da farko a cire wuta daga soket, kashe makunni kaɗai bai isa ba, ruwa da lantarki ba a yi musu ganganci. A buɗe magudanar faranti, tsohon ruwa ya fita tas, a bi da soso. Ƙara ruwa kan ruwa ba wanki ba ne, ko da kuwa samansa ya yi garau. Inda ɓawo ya kama, a jiƙa da khal ko milih lemun a ruwan ɗumi, a bari ya yi laushi, a ɗauraye sosai. Don Allah a daina kankara da wuƙa. Kana ɗaye fenti, kana buɗe wa tsatsa ƙofa. Ramukan da ke zubo ruwa kan gash a tsokane su da siririyar waya.

Kafin zafi ya shigo, a busar da faranti, a goge tsatsa da sanfefa, a shafa fentin kwalta, a sa sabon gash daga Suk Libya ko shagon unguwa. In sanyi ya zo a Disamba, a zubar da ruwa a bar shi a bushe, a rufe.

Masu komawa gidajen da suka kulle tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, kada ku kunna shi daga isowa. A fara duba wayoyi, a cika faranti a ga ko yana yoyo, a juya fanka da hannu a ji ko ta cije. Tankin saman rufi shi ma a kwashe lakarsa kafin a sha, a kuma tabbatar murfinsa na rufuwa, domin sauron da ke kawo zazzaɓin denge a irin wannan ruwan gida yake ƙyanƙyasa.